Hatsi a Rumbu, Itace a Ƙasa

 Sharhinmu na yau a kan wani abu ne da babu gidan da ba ya amfani da shi a ƙasar Batsari da Safana, amma da wuya ka ji an zauna ana maganarsa. Ina nufin itacen girki, ko icce kamar yadda bakinmu na Katsinawa ya saba faɗa, da kuma inda muke ajiye shi.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Wata damina, cikin watan Agusta, marka ta zauna, aka wuni ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Na dawo gida bayan sallar isha'i ina sa ran in tarar da tuwo a rufe. Sai na iske tsakar gida ta turnuƙe da hayaƙi, uwargida durƙushe gaban murhu tana fifita da faifai, idanunta sun yi jawur. Itacen da ke cikin murhun sai tsuwa yake yi, kumfa na tsattsafowa ta gindinsa. Ƙaramin yaronmu ya gaji da jira, ya ɓingire a kan tabarma da kwanonsa a gefe. Na ce, "Har yanzu?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ga gari, ga kuka, ga daddawa. Wutar ce babu. Je ka dubo iccen da ka sawo."

Na ɗauki tocila na zaga bayan ɗaki. Amalanke guda na saya tun bazara, aka jibge shi a ƙasa jikin katanga, na biya na juya baya, a zatona na sauke nauyi. Na sama ya sha ruwa ya yi sharkaf. Na tsakiya ya yi fumfuna. Na ƙasa kuwa da na ɗaga, ɓawo ne kawai ya biyo hannuna, cikinsa duk ƙasa, gara ta gama da shi. Taku biyar daga wurin ga rumbuna na gero, a ɗage bisa duwatsu, da sabuwar jinka, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ni na ɗaga shi, ni na baibaye shi da hannuna. A daren nan na gane cewa rabin tuwo na tanada, ɗaya rabin na bar shi a ruwa.

Jama'a, abin da na zo faɗa ke nan. Gero ba ya zama tuwo sai da wuta. Tun da muka san darajar hatsi har muka gina masa rumbu, to itace ma ya kai a yi masa nasa.

Iyayenmu ba su yi wa itace rumbu ba, kuma ba laifinsu ba ne, domin daji na bakin ƙofa. Mutumin Ruma ko Wagini ko Runka, in itace ya ƙare sai ya saɓa gatari ya kora jaki da sassafe, kafin azahar ya dawo da busasshen marke wanda ya faɗi da kansa. Dajin Rugu shi ne rumbun kowa, ba ƙofa ba makulli. Wa zai wahalar da kansa da ajiyar abin da yake ɗiba kyauta duk ranar da ya ga dama?

To wannan rumbu ya rufe mana ta fuska biyu. Ta farko, dajin ya ja da baya. Gonaki sun ci gefensa, masu gawayi sun bi kirya da marke, manyan motoci sun yi shekaru suna lodi zuwa Katsina da sauran birane. Inda a da yarinya ke tsinto ƙirare ta dawo kafin ruwan koko ya tafasa, yanzu tafiyar rabin wuni ce. Ta biyu kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san 'yan bindiga sun shiga dajin. Mun ga shekarun da zuwa itace ya zama sayar da rai, mutum ya fita da gatari a wayi gari ana neman kuɗin fansarsa. Mun ga mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin garin Batsari suna kwana a azuzuwan makaranta, murhu ya ƙaru, itace ya ragu. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaro da ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Batsari da ta Safana. Ku lura da lokacin: tsakiyar damina. Wanda ke da busasshen itace a gida ya yi girkinsa. Wanda ke sayen kashi-kashi kullum ya ji a jikinsa.

Bayan wannan kuma sai ga cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi. Kalanzir ya zama sai wane da wane, gidaje da yawa a birni da suka koma gas suka jingine tukunyar gas ɗin suka dawo wa gawayi da itace. Ke nan mai jaki na ƙauye da ma'aikacin birni yanzu bishiya ɗaya suke kallo. Gaskiya ne tun farkon 2025 an shiga zaman sulhu da 'yan bindiga a yankinmu, muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Amma ko an sami lafiyar shiga daji, bishiyar da aka sare ba ta dawo ba. Duk damin da ya ruɓe a bayan ɗakinka, wata tafiya ce da wani zai sake yi cikin daji, ko ɗanka ko ɗan wani, kuma wata bishiya ce za ta sake faɗuwa.

Yanzu mu dubi abin da ke faruwa a cikin murhu. Ɗanyen itace da aka saro yau, wajen rabin nauyinsa ruwa ne. Masana sun ce itace bai isa shiga wuta ba sai ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. In ka cusa jiƙaƙƙen itace a murhu, aikin farko da wuta za ta yi shi ne ta dafa ruwan da ke cikinsa ya fita, abin da ya rage sannan ya isa gindin tukunya. Wato da kuɗinka kake tafasa ruwan da ba wanda zai sha. Wannan tsuwa da kumfa da na gani a murhun gidana, kuɗina ne ke ƙonewa. Shi ya sa girkin da faskare uku busassu za su gama, sai ka ga jiƙaƙƙu biyar sun tafi tuwo bai nuna ba.

Wutar da ba ta yi zafi ba kuma hayaƙi take haifarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 237. Ciwon huhu, tari mai naci, ciwon ido, ciwon zuciya. Wa ke shaƙar hayaƙin nan a gidajenmu? Mai girki ce, da jaririn da ke goye a bayanta. Abin da ya fi muni, in itace ya ƙi kamawa, sai a nemo leda ko tsohon silifa ko guntun roba a cinna. Hayaƙin roba dafi ne, kuma a kan abincin da za mu ci yake sauka. Uwargida ba ta yin haka don tana so, rashin busasshen abin hura wuta ne ya kai ta.

To ina mafita? Kusa take, kuma ba ta da tsada. Washegarin daren da na ba ku labari na leƙa gidan wani dattijo maƙwabcina, domin na lura ko ana marka hayaƙin gidansa siriri ne, kuma ba a makara da abinci. Ya ja ni kusurwar gida ya nuna mini wata 'yar rumfa, itace a jere a cikinta kamar littattafan malami. Na ce, "Baba, nawa ka kashe a kan wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, goro biyu da kwanon fura na ba yaran da suka taya ni haƙa. Sauran duk a gidan nan na tsinta." Ya zaro faskare biyu ya buga su da juna, suka yi ƙara ƙwal. Ya ce, "Ka ji? Busasshe magana yake yi. Jiƙaƙƙe kuwa gum yake, kamar wanda ake bi bashi."

Abin da na koya a wurinsa, da abin da na ƙara bayan na gina tawa, shi zan shimfiɗa muku. Mai alƙalami ya rubuta, maras shi ya riƙe a ka, ba wuya gare shi ba.

Farko wurin rumfar. A nemi tudu a cikin gida, inda ruwa ba ya kwanciya, inda rana ke samu kuma iska ke ratsawa. Kada a kafa ta ƙarƙashin indararo. Kada a jingina ta da katangar ƙasa ko bangon ɗaki, a bar tsakani yadda mutum zai iya ratsawa, domin itacen da ya jingina da bango gada ce ka yi wa gara ta hau har azara. A nisanta ta da murhu kamar taku 8 zuwa 10, haka kuma da rumbun hatsi da inda ake tara harawa. Ta yi kusa yadda uwargida za ta ɗauko ba tare da ta jiƙe ba, ta yi nisa yadda tartsatsi ba zai kai ba.

Na biyu girma. Kada ka tambayi kowa, tambayi matarka. Ku auna itacen da gidan ke ci a mako ɗaya, ku jera shi ku ga wurin da ya cinye. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, mako 16 ko 17. Ka ninka, ka ga rumfar da kake buƙata. Ga matsakaicin gida, taku 4 a tsawo da taku 2 a faɗi mafari ne mai kyau. Kada faɗin ya wuce layi biyu na faskare, in ya wuce iska ba za ta kai tsakiya ba.

Na uku dirkoki. Ana buƙatar guda 6 masu gwafa, uku gabas uku yamma. Kirya ce sarauniya a nan domin gara ba ta cika cin ta ba, amma ba na ce a je a sare kirya saboda rumfa ba. Tsohuwar dirkar da aka cire daga wata rumfa ta isa, reshen bedi ko na turare ma ya yi. A babbake gindin kowace a wuta har ya yi baƙi, ko a shafe shi da baƙin mai wanda bakanike ke zubarwa. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a zuba toka a ciki, a kafa, a cika da tsakuwa da ƙasa a danne sosai. Ga wurin da dabarar take: dirkokin gabas su fi na yamma gajarta da kamar kamu ɗaya. Kowane magini a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Rumfar ta ba gabas baya, ta sunkuyar da kai ta can, ƙofarta ta dubi yamma ta sha ranar la'asar.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne ƙasa. Itace kada ya taɓa ƙasa. Duwatsu ba su yi mana ƙaranci a ƙasar Batsari ba. A jera manya layi biyu ko uku, ko fasassun bulo in akwai, a gitta sanduna masu ƙwari a kai, daidai yadda ake yi wa gindin rumbu. Dattijon nan ya ba ni ma'auni da ban manta ba. Ya ce a ɗaga yadda kaza za ta shiga ƙarƙashi ta fita ba ta sunkuya ba. Iska za ta bi ta nan ta busar da itace daga ƙasa, kajin kuma su zama 'yan sintiri, duk garar da ta leƙo su tsince ta. A barbaɗa toka a ƙarƙashin lokaci-lokaci, a kuma ja 'yar hanyar ruwa a kewaye.

Na biyar rufi. Mai tsohon kwano ya yi amfani da shi, ko ya yi tsatsa, a toshe hujojin. A ɗaure shi da waya a kuma danne da duwatsu, saboda iskar farkon damina ba ta da wasa, ta sha yaye rufin da ya fi wannan. Wanda ba shi da kwano ya gitta kara ya baibaye da yantacciyar ciyawa, ya ɗaure da ɓawon kalgo ko igiyar kaba. Rufin ya zarce itacen da kamu ɗaya ta kowane gefe. Ta gabas a kafa zana ko dannin kara daga sama har kusa da ƙasa. Sauran ɓangarorin a bar su a buɗe.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Sai mutum ya sayo babbar leda ko tamfol ya lulluɓe itace ruf har ƙasa, yana ganin ya yi dabara. Leda na hana ruwan sama shiga, amma tana hana na ciki fita. Rana ta buga, itace ya yi gumi, ya kwana cikin guminsa, bayan wata ɗaya ka buɗe ka tarar da fumfuna. In ledar ce kawai gare ka, shimfiɗa ta a sama ƙarƙashin ciyawa, ka bar gefuna suna shan iska. Itace hula yake so da takalmi, ba ya son bargo.

Duk aikin nan, mutum biyu sun gama shi a wuni ɗaya. In an yi gayya, matasan unguwa sai su kafa uku kafin la'asar.

Sai jeri. A faskara kafin a ajiye, domin gungume na iya shekara cikinsa bai bushe ba, amma faskare a iskar hunturu da zafin bazara 'yan makonni sun ishe shi. A jera a kwance, bakunan na duban waje, ɓawo na sama. A ƙarshen kowane layi a riƙa gittawa, wannan sahu ya dubi nan wancan ya dubi can, don kada jerin ya rushe. Kada tsayinsa ya wuce ƙirjin babba, saboda yara na wasa a gindi. A raba rumfar biyu: ɓangaren tsoho da na sabo. A ci tsoho tukuna, sabo na bushewa. Ƙirare da kara da totuwar masara kuwa a zuba a buhu a rataye can sama ƙarƙashin rufi. Wannan buhun shi ne zai raba gidanka da ƙona leda.

A kuma san halin kowane itace. Marke da kirya da bagaruwa da aduwa masu nauyi ne, suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi, su ne na tuwon gidan yawa da dahuwar wake. Sabara da geza da kalgo na saurin kamawa, sun dace da koko da ɗumame. Bedi na tsakiya. Kuka kuwa a bar ta ta ba mu miya, jikinta kamar soso yake, ba abin da za ta tsinana a murhu.

Akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, tarin itace masauki ne ga kunama da maciji, musamman kububuwa wadda launinta ke sajewa da ɓawo. Ɗagawa daga ƙasa da share kewaye na rage wannan ƙwarai, amma duk da haka a ajiye sanda a gefe, a bubbuga kafin a sa hannu. Kada a aiki yaro ɗauko itace cikin duhu ba fitila. In tsautsayi ya gitta maciji ya yi sara, a nufi asibiti nan take, kada a ɓata lokaci wajen tsaga da tsotsa. Na biyu gobara. Abin da ya sa busasshen itace ya yi daɗin girki shi ne ya sa yake da haɗari a hunturu. Kada a zubar da toka mai rushi kusa da rumfar, kada a ajiye galan ɗin fetur a inuwarta, kada a bar yara su hura wutar jin ɗumi a gindinta.

Wani zai ce, to mun ji, an gina rumfa, da me za a cika ta? Tambaya ce mai kyau, kuma ba na son a fahimce ni a karkace. Ban zo in ce kowa ya ɗauki gatari ya kwashe abin da ya rage a Rugu ya tara a gida ba. In aka yi haka an gudu ba a tsira ba. Lokacin cika rumfa shi ne daga kaka zuwa bazara, sa'ad da itace ya fi araha, hanya ta bushe, kuma gona da kanta ke bayarwa. Karan dawa da na gero, itacen rogo bayan an tuge, rassan da aka sassabe, reshen bedin ƙofar gida wanda in ka rage masa kai bana, baɗi ya sake tofowa. Da yawanmu tara waɗannan muke yi a gona mu cinna musu wuta lokacin sharar gona, sannan a watan Agusta mu zo muna sayen kashi da tsada.

Mu leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi, waɗanda ruwansu bai kai namu ba. Tun a 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara a gona ba ciyawa ba ne, kututturan bishiyoyi ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, suna rage sauran. Ba shuka, ba ban ruwa, ba sayen dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200. Rassan da ake ragewa duk shekara su ne itacen girkinsu, mata suka huta da doguwar tafiya. Kalgo da sabara da gawon da suka yi wannan aiki da su, irinsu ne ke tofowa a gonakinmu muna bin su da gatari. Gona ta ba da reshe, rumfa ta adana shi, daji ya huta.

In aka haɗa da murhu mai tsimin itace, abin ya ƙara armashi. Murhunmu na duwatsu uku yawancin zafinsa a iska yake tafiya. Ko na laka aka gina aka kewaye tukunya, an rage ɓarna. An taɓa gudanar da shiri irin wannan a ƙananan hukumomi 7 na shiyyar Daura da tallafin Tarayyar Turai, aka koya wa mutane gina murhun zamani da renon bishiyoyi a gona. Abin da ya yiwu a Daura ba abin da zai hana shi yiwuwa a Batsari da Safana. Kiranmu ga majalisun ƙananan hukumomin biyu, da malaman gona da na daji, su sa wannan cikin abin da suke koyarwa. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni su yi umarni da gayya a kafa wa zawarawa da tsofaffi da waɗanda suka dawo daga gudun hijira rumfar itace, domin su ne suka fi tura yara daji. Limamai ma suna da abin faɗa.

Na ce limamai domin maganar nan ta shafi hakki. Malamanmu na Malikiyya, a littafin Muhtasar na Shehu Halilu wanda ake karantawa a zaurukanmu, da suka zo lissafa abin da ya wajaba miji ya tanadar wa matarsa, sun sa itace cikin jerin, tare da ruwa da mai da gishiri. Ke nan ba alfarma ba ce. 'Yan'uwana magidanta, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun ɗauki itace maganar mata ce saboda ba idonmu ke yin ja ba. Mukan zauna a zaure mu aika a tambayo ko an gama, in an makara mu yi faɗa. Wanda ya kawo jiƙaƙƙen itace ya kawo suna ne kawai, bai kawo wuta ba. Ku kuma iyayenmu mata, ku kuka san inda ke yi muku ƙaiƙayi. Ku nuna wurin da ya dace, ku faɗi yawan da gida ke ci, ku riƙa tuni tun kaka, kada ku bari sai hadari ya haɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai na kafa tawa rumfar a hunturun da ya biyo bayan daren nan. Dirkoki shida, duwatsu goma sha biyu, tsohon kwano uku da na sauke daga kan garken awaki. Da damina ta zagayo, wata ranar marka irin waccan, na shigo gida bayan isha'i a jiƙe. Tsakar gida tsit, murhu ya mutu sai ɗan rushi, yara sun ci sun kwanta. Uwargida ta turo mini kwano ta ce, "Malam, yau kai ka makara. Tuwon har ya huce."

Jama'a masu sauraro, nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Gobe da safe, kafin ka fita, zaga bayan ɗaki ka ɗaga faskaren da ke can ƙasa, ka ga abin da zai biyo hannunka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.